Ranar da Yaya Habu Ya Sallame Ni

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen suna da na biki: wai ni ce na rusa makarantar Kawunku Habu, wai digiri ne ya hau mini kai har na kunyata yayana a gaban jama'a. Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin a lokacin Inna tana raye, kuma duk abin da na faɗa a kanta zai ƙare. Yanzu ta rasu, shi ma ya rasu, Allah ya jiƙansu da rahama. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san yadda aka yi tun daga farko, don haka ku ji daga bakina.

Makarantar a Gwallameji take, tun unguwar ba ta cika ba, gidaje na tasowa ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar gonaki. Yaya Habu ya ajiye aikin gwamnati ya kafa ta da duk abin da ya mallaka, ni kuma nake koyar da Turanci a aji huɗu. Ajina kuwa kamar an kwaso Bauchi gaba ɗaya an zuba a ɗaki guda. Akwai 'ya'yan cikin gari da ake kawowa daga Ƙofar Wambai, akwai Fulani, da Jarawa, da Sayawa, da 'ya'yan Ibo da Yarabawa masu shaguna. Abin da ya tara iyayensu wuri ɗaya shi ne dokar da ke rubuce a bakin ƙofa, cewa a makarantar nan Turanci kaɗai ake yi. Yaron da aka ji yana Hausa ko yarensu, sai a rataya masa kwali mai hoton jaki a wuya, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani ya miƙa masa. Haka ake yi a ko'ina a lokacin, ba wanda ya ga aibun abin.

Yaya Habu da kansa ya matsa mini in koma karatu.

"Ki je ki yi digiri na biyu, Zuwaira," in ji shi. "Ina so idan iyaye sun zo in ce musu malamar Turancinmu mai mastas ce."

Na shiga jami'a a ɓangaren da ake horar da malamai kan koyar da Turanci ga yaran da ba shi ne harshensu na gida ba. Yawancinmu manya ne, masu iyali, har da shugabannin makarantu masu furfura. Wadda ta riƙe mu wata gajeruwar mata ce mai tabarau, Dokta Rifkatu. Ranar farko ta shigo ba sallama ba gaisuwa, ta fara magana da Sayanci. Ta yi rubutu a allo, ta nuna, ta ci gaba da magana kamar duk muna ji. Muka riƙa kallon juna. Can ta nuna wani dattijo da ke gaba ta jefa masa tambaya. Ya miƙe yana murmushin kunya. Ta maimaita da ƙarfi, ta haɗe rai, ta buga tebur. Na ji gumi yana bin bayana, ina addu'a kada ta juyo kaina, na sunkuyar da kai ina wasa da biro. Sai da ta ga duk mun yi laushi sannan ta cire tabarau ta koma harshen da muke ji.

"To, yaya kuka ji?" ta ce. "Yanzu ku ɗauka shekararku takwas, kuma haka za a yi muku daga safe har azahar, kullum. In kun juya kun tambayi na kusa da ku abin da na ce, a hukunta ku."

Ba wanda ya yi dariya. Ni dai fuskokin 'yan bayan ajina nake gani, waɗanda kullum kansu a sunkuye, suna wasa da fensir.

Abin da aka koya mana a shekarar ba wai a bar Turanci ba ne, ku fahimci wannan da kyau, domin a nan ne aka yi mini ƙarya. Cewa aka yi yaro yana zuwa aji da harshe biyu ko uku a bakinsa, kuma da su zai gane sabon. A bar shi ya fara fahimtar maganar da harshen da ya sani, sannan a ba shi kalmomin Turanci ya faɗe ta da su, ya rubuta. Darasi kullum da Turanci yake ƙarewa. Sharaɗin digirin kuwa shi ne kowa ya gwada wannan hanya a ajinsa na zango guda, a ƙarshe Dokta da wani malami daga wata jami'a su zo su zauna a bayan aji su gani da idonsu. In ba a gani ba, ba digiri.

Ban ɓoye wa Yaya ba. Na same shi yana tsaye a kan magina da ke ɗora sabon aji, na yi masa bayani.

"Yi abinki," ya ce, idonsa na kan bulo. "Amma ki rufe ƙofa da taga."

Na rufe. Sai dai aji mai yara da yawa ba ya rufuwa. Na riƙa raba su ƙungiya-ƙungiya, mu karanta labari, su tattauna shi da duk harshen da ya zo bakinsu, sannan kowace ƙungiya ta tashi ta faɗa da Turanci. Ajin da a da ba ka jin komai sai muryata ya koma kamar kasuwa. Na daɗe ina fama da su a kan kalmomin aro, domin Turanci yana da kalma daban ga mai bayarwa, wata daban ga mai karɓa, mu kuwa duk aro ne. Ranar da muka zauna muka warware wannan da Hausa, ba su ƙara haɗa su ba. Wata rana kuma ina gyara wa Ngozi, 'yar wani mai sayar da kayan gyaran mota, inda take kiran mace da lamirin namiji, sai ta ɗaga hannu ta ce a yarensu duk ɗaya ne, ba a bambanta namiji da mace a wurin. Yaran Yarabawa suka ce su ma haka. Na tsaya riƙe da alli. Shekara da shekaru ina ɗauka rashin kula ne, ashe ba wanda ya taɓa nuna musu inda harsunan suka rabu.

Amma akwai abin da ban auna da kyau ba. A shekarar garin bai daɗe da fitowa daga wata hatsaniya ba. Ba zan tono ta a nan ba, kun san irinta. Shaguna na rufewa tun kafin magariba, maƙwabci na duban maƙwabci, kuma jita-jita kaɗan ta isa iyaye mata su fito da gudu ba mayafi su kwashe 'ya'yansu daga makaranta. A irin wannan lokaci ba abin da yake ƙarami.

Oga Emeka, baban Ngozi, shi ya fara tare ni a bakin ƙofa, hannunsa duk baƙin mai.

"Malama, yarinya na ya zo gida, ya ce kin bari yara su yi Hausa a aji. Hausa yana ji a titi, yana ji a shago. Ni Turanci na kawo shi ya koya. Ko kuna so ku maida makaranta na ku ne kawai?"

Na ce masa Ngozi ma tana yin Ibo a ajin, amma bai tsaya ji ba. Washegari kuma sai ga Alhaji Garba mai atamfa daga cikin gari, shi ko kallona bai yi ba, ofishin Yaya ya wuce. Ɗansa ya koma gida yana gaida mutane da Ibo yana ƙirga da Sayanci. Ina jiyo muryarsa ta taga yana cewa yau gaisuwa ce, gobe kuma me za a koya masa? Kowannensu tsoron ɗayan yake ji, kuma duka biyun ajina suke nunawa.

Da aka tashi Yaya ya kira ni. Bai ce in zauna ba.

"Daga yau kin daina."

"Yaya, saura kaɗan Dokta ta zo. Kai ka ce in yi."

"Na ce ki yi, ban ce ki tayar mini da gari ba. Ranar da za ta zo ki yi mata abin da take son gani, sauran ranaku ki koma yadda muke."

Na kai wa Dokta Rifkatu maganar yadda ya faɗa. Ta saurare ni har na gama.

"Ba zan ɗauko baƙo daga wata jami'a ya zo ya kalli wasan kwaikwayo ba," ta ce. "Yara ba sa iya ɓoye irin wannan, da shigarmu za mu gane. In makarantar ta hana, ki nemi wata ki sake daga farko baɗi. Na san ba sauƙi. Amma ki yi tunanin yaran ma: kin buɗe musu baki, yanzu za ki mayar musu da kwalin jakin?"

A gida babanku bai goyi bayana ba, bai kuma goyi bayan Yaya ba. Cewa ya yi makarantar ta Habu ce, gumin Habu ne, kuma mutum ba ya gyara gidan wani da ƙarfi. Na ce na sani. Ya ce to in na sani in yi haƙuri. Daga nan abinci ya daina shiga mini. Kullum na shiga aji sai in ji kamar akwai mai laɓe a bayan taga.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Inna ta aika a kira mu duka biyu gidanmu na Ƙofar Wambai. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ta bar mu muka yi ta magana, kowa na katse ɗan'uwansa, ba ta ɗago ba. Da muka gaji ta ture faifan gefe.

"Ni da aka kawo ni gidan nan ba na jin komai sai Fulatanci," ta ce. "Na yi wata da watanni ina kuka a bayan ɗaki, ana ce mini wawiya. Saboda haka na gane abin da kike faɗa, Zuwaira. Amma shi ne babba, kuma shi zai kwana da asarar. Ku tara mutanen nan ku yi musu bayani. Ku rufa wa juna asiri, kada in ji ku a bakin duniya."

Muka ce to. Sai daga baya na gane ba abu ɗaya muka amsa ba. Ni na ɗauka zan je in yi bayani ne, shi kuwa ya ɗauka zan je in ba da haƙuri.

An yi taron ranar Asabar da hantsi a babban ɗakin makaranta. Tun daga ƙofa na ga ba lafiya. Ba wanda ya tsara wa kowa wurin zama, amma mutane sun rabu biyu da kansu, masu hula da mayafi a dama, sauran a hagu, an bar fili a tsakiya. Na tashi na yi magana da Turanci, na maimaita da Hausa. Na faɗi abin da ake koya mana a jami'a, na faɗi maganar aro, na ce duk wanda yake so ya zo ya zauna a ajina ya ji yadda ɗansa ke Turanci yanzu. Wasu suka gyaɗa kai. Na fara jin ƙarfi-ƙarfi.

Sai wata ma'aikaciyar jinya, Sista Naomi, ta miƙe daga hagu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malama, ni ban ce kina da mugun nufi ba. 'Yata ta ce kina barinta ta yi Sayanci, na ji daɗi. Amma su nawa ne masu jin Sayanci a ajin? In an ce kowa ya yi yarensa, Hausa ce za ta cinye sauran, kamar yadda ta cinye a gidajenmu. Turancin nan shi kaɗai ne wurin da ɗana da ɗan Alhaji suke daidai."

Maganarta ta dake ni, domin akwai gaskiya a ciki, kuma ba a koya mana amsarta a jami'a ba. Na buɗe baki zan ce za mu iya gyara yadda ake raba ƙungiyoyin, amma wani daga dama ya riga ni. Ya ce in Hausa ta dame su, ai ba wanda ya riƙe su a garin. Oga Emeka ya miƙe tsaye. Alhaji Garba ma ya miƙe. Daga baya wani ya ce dama an san abin da ake shiryawa, wani ya ce a faɗi ko su wa ke shiryawa. Kujeru suka fara ƙara a kan siminti. Maganar aji huɗu ta ɓace, aka koma "ku" da "mu". Na waiga ta taga, sai na ga 'yan acaɓa sun fara taruwa a bakin ƙofa suna leƙe, wani yana magana a waya yana nuna makarantar. Wata mata ta goya ɗanta ta nufi ƙofa.

Yaya Habu ya daki tebur da tafin hannu har ruwan da ke kai ya zube.

"Kowa ya zauna! Zuwaira, tashi ki gaya wa iyayen nan kuskure kika yi, kuma kin daina."

Duk idanu suka dawo kaina, na dama da na hagu. Na dubi Yaya. A idonsa na ga roƙo, ba fushi ba. Na san abin da yake so: kalma ɗaya, kowa ya huce, mu tafi gida. Na ji kalmar ta zo har bakina. Amma na tuna ranar Litinin zan shiga ajin nan in tsaya a gaban yaran da na ce wa yarensu ba abin kunya ba ne, kuma iyayensu za su riga ni gaya musu Malama ta ce ƙarya ta yi.

"Yaya," na ce, "makarantarka ce. In ka hana, na bari. Amma ba zan ce kuskure ne ba, domin na ga yaran da idona."

Sannan ya juya ga jama'a.

"To ku shaida. Daga yau Malama Zuwaira ba ta aiki a makarantar nan. Dokarmu tana nan yadda take."

Na ji ɗakin ya sauke numfashi. Waɗanda ke tsaye suka zauna. Na ɗauki jakata na bi ta filin nan na tsakiya, ba wanda ya ce mini komai, sai Sista Naomi da ta taɓa hannuna da na zo wucewa. A bakin ƙofa 'yan acaɓa suka tambaye ni me ya faru, na ce ba komai, taron iyaye ne. Ɗaya daga cikinsu ya kai ni gida.

Abin da ya biyo baya kun san wani ɓangarensa. Na rasa shekarar. Korata ba ta hana iyaye janye 'ya'yansu ba, na dama da na hagu, domin bayan abin da suka faɗa wa juna a ɗakin nan ba sa son haɗuwa a bakin ƙofa ɗaya. Ga kuma sababbin makarantu da suka yi ta buɗewa a unguwar. Ta Yaya ta yi ta raguwa har aka rufe, ginin ya koma gidan haya. Ni kuma na sami wuri a wata firamaren gwamnati a Fadaman Mada, inda yara ke zaune a ƙasa kuma ba wanda ya damu da harshen da ake yi. A can Dokta Rifkatu da baƙonta suka zo suka zauna a kan benci, a can na gama. Maganar Sista Naomi ce ta zama rabin binciken da na rubuta, yadda za a yi kada babban harshe ya danne ƙananan a cikin aji, kuma har na yi ritaya ina koya wa malamai ita.

Yaya kuwa ya daina zuwa gidana. In mun haɗu wurin Inna da Sallah, na gaishe shi ya amsa ya tashi. Ko a auren yayarku Maryam, matarsa ya turo. Inna ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma na ga yadda take duban ƙofa duk lokacin da ɗayanmu ya shigo, ko ɗayan na biye. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo, har yau.

Ranar sadakar ukun Inna, da la'asar, mutane sun ragu, aka ce Yaya na kirana a zaure. Na same shi shi kaɗai a kan tabarma, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. An ajiye masa kwanon tuwo bai buɗe ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi masa gaisuwa. Ya amsa.

"Da ban sallame ki a ranar ba," ya ce, "da an zubar da jini a ɗakin nan."

"Na sani, Yaya."

"Kin sani?"

"Tun ina tafiya zuwa ƙofa na sani."

Ya share fuska da hannun riga.

"Kalma ɗaya na roƙe ki, Zuwaira."

"Ita ce ba ni da ita, Yaya. Da ina da ita da na ba ka."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka ya gama, har na dafa zan tashi. Sai ya jawo kwanon ya buɗe, ya tura shi tsakaninmu.

"Wanke hannu," ya ce. "Tun jiya na lura ba ki ci komai ba."